Wanda Ya Zauna a Hagu

Tun da aka shafa wa bangon gidansu jan fenti, alamar sabon titi zai bi ta kansa, Inna ba ta ƙara yin zancen gidan ba. An kwaso kayanta an kawo gidan babban ɗanta, wanda kowa ke kira Dogo, aka ba ta ɗakin da ke kusa da kicin, ta zauna a ciki kamar baƙuwar da ke jiran mota. Sai wata safiya, tana juya cokali a kofin shayi, ta ce wa 'ya'yanta biyu su je su zano mata gidan kafin a rushe shi. Ba ta son hoton waya, in ji ta, hoton waya yana sa gida ya yi kama da na kowa. Abu ɗaya kawai ta roƙa, ƙofar ta fito fara tas, yadda mahaifinsu ya bar ta.

Mahaifin nasu mai rubuta allunan shaguna ne har ya rasu. Da fentin mai ya ciyar da su, amma ransa yana ga fentin ruwa, irin wanda ake jiƙawa a faranti a shafa a kan takarda mai kauri. Ranar da babu aiki yakan ɗauki dogon benci da katako ya fita da yaran biyu bakin hanya. Da yake takardar ba ta wadace shi ba, sai ya manna guda ɗaya ya ce su yi tare. Dogo da hannun dama yake aiki, ƙaninsa Auta kuwa bahago ne, saboda haka uban ya zaunar da Auta a hagu, Dogo a dama, gwiwar hannun kowa tana waje, babu mai bugun wani. Kowa ya taso daga gefensa, su haɗu a tsakiya tun takardar tana da laima, yadda in ta bushe ba mai gane inda hannun wannan ya tsaya na wancan ya ɗauka. Haka suka tashi, haka suka gaji shagon, kuma haka suke yi har yau da dukansu suka ajiye iyali.

Dogo ba ya ƙin ƙaninsa. Shi ya goya shi, shi ya koya masa keke, kuma ko yanzu wani ya taɓa Auta zai ga abin da bai zata ba. Sai dai akwai wani abu da ya daɗe yana cin sa a ƙasan rai, wanda ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Duk zanen da suka kawo gida, Inna takan sa tabarau ta tsaya a gefen hagu. Can Auta ke sa mutane da awaki da mai tura baro, da ɗan lanƙwasa buroshi sau biyu sai ka ga tsohuwa ta sunkuya tana gyara takalmi. Inna ta yi ta nunawa da yatsa tana dariya tana cewa, "Kai, Auta!" Daga nan sai ta cire tabarau. Gefen dama, inda Dogo ya ɓata rabin yini yana shimfiɗa sama da bango da inuwa, ko yatsa ba ta taɓa ɗorawa ba. Yanzu ga ta a gidansa, shi ke kai ta asibiti, matarsa ke dafa mata abin da likita ya yarda ta ci, amma da ta ji ƙarar babur a waje tambayarta ɗaya ce, ko Auta ne.

A cikin takardun da uban ya bari saura babba guda ɗaya, naɗe a saman kwaba a shago. Ita suka ce za su yi wa Inna aikin a kai. Dogo da kansa ya sauko da ita, ya busa ƙurar, ya danne ta da katako ta kwana ta miƙe.

Da sassafe suka isa tsohuwar unguwar. Rabin layin an riga an rushe, sai tarin bulo da kwanon rufi da aka jingine. Suka ajiye benci a tsallaken titi, ƙarƙashin wata bishiya kusa da rumfar mai faci, tsohon maƙwabcinsu da ya san su tun suna yawo ba wando. Ya taso yana goge hannu da tsumma, ya tambayi lafiyar Inna, ya ce wa Dogo tsawon nan dai har yanzu bai tsaya ba, sa'annan ya ara musu jarkoki biyu suka ɗora katakon a kai. Auta ya manne gefunan takardar da salatif, ya jera gwangwanayen ruwa, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta.

Dogo ya tsaya ya rufe ido ɗaya yana auna abin da ke gabansu, sai ransa ya ɓaci. Daga inda suke, komai na gidan a hagu ya faɗo: farar ƙofar, matakalar siminti, tagar ɗakin Inna, da reshen gwaiba da ya leƙo ta saman katanga. A dama kuwa babu komai sai doguwar katangar tsakar gida, da wani dakali a gindinta, da sama. Wato Auta zai zana gidan da aka haife su, shi kuma zai shafa bango.

Ya ce a matsa da benci can gaba, wai hasken nan bai yi masa ba. Suka ɗauka suka kai ƙarshen layin, inda gidan zai faɗo a dama, amma daga can turken lantarki ya raba ƙofar biyu, ga kuma rana a ido. Auta ya kama gefen bencin suka dawo da shi. Mai faci ya tambaya ko zane suka zo yi ko tallan benci.

Da suka sake ajiyewa, Dogo ya riga ƙaninsa zama, ya zauna a hagu.

Auta ya zaci wasa ne. Ya tsaya a kansa da faranti a hannu yana murmushi, ya ce, "Yaya, ka zauna min a wuri."

"An rubuta sunanka a jiki?"

"Hannuwanmu za su riƙa karo fa."

"Sai ka yi hankali da naka."

Auta ya dube shi na ɗan lokaci. Sa'annan ya zagaya ya zauna a dama. Mai faci da ke cusa tib cikin bahon ruwa yana neman huji ya ɗago ya ce yau kuma an sa takalmi a juye, Allah ya sa a isa gida lafiya.

Zanen fensir bai ba su wahala ba, domin bi da bi suka yi. Dogo ya fitar da ƙofar a tsanake, ya ja layin matakalar, ya sa tagar. Sun yarda ba za su sa jan fentin nan na rusau ba. Yana ja yana jin wani daɗi da ya daɗe bai ji ba, kamar wanda aka bar wa gaban mota bayan ya saba zaman baya.

Wahalar ta fara ne da sama. Sama ba ta jira, dole a jiƙa takardar da soso, a ɗebo shuɗi da babban buroshi, kowa ya taso daga gefensa da sauri kafin ta sha iska. Suna tasowa gwiwar hannun Dogo ta dama ta haɗu da ta hagun Auta, ƙwas. Suka ja da baya, suka sake, suka ƙara karo. Auta ya yi dariya ya ce tun yana yaro ba a doke shi haka ba. Daga baya ya manne hannunsa a haƙarƙari, ya karkace kamar mai ciwon wuya, yana aiki da wuyan hannu kawai, har shuɗin biyu suka haɗu a tsakiya ba tare da layi ba. Dogo ya ga yadda ƙanin ya takura, ya kuma san don shi ya takura. Wannan ma ya ƙara ba shi haushi, ya rasa dalili.

Suka jira sama ta bushe. Auta ya je ya sayo musu ruwan sanyi, suka sha suna kallon gidan. Ya tuna wa Dogo ranar da uban ya yi wa ƙofar fenti, ya kafa kujera a gabanta ya hana kowa shiga ko fita har yamma, Inna tana ciki tana faɗa cewa an kulle ta da yara kamar kaji. Dogo ya yi dariya har ransa ya ɗan sake. Ya kusa cewa su koma yadda suka saba. Maganar ta zo masa har baki, sai ya hango Inna ta sa tabarau ta nufi gefen hagu, ya haɗiye.

Da rana ta ɗaga mutane suka fara tsayawa. Masu jiran a yi musu faci, da wata mata mai ɗauke da kwando, da wasu leburori da suka fito daga inda ake rusau, duk suka taru. Kuma a bayan Dogo suka taru, tun da a gefensa ake ganin abu yana fitowa. Ya sa koren ganyen gwaiba, wani ya ce kamar ka tsinka. Ya sa duhun tagar, matar ta ce ita kam ta san ɗakin nan, ta sha karɓar ruwa ta wurin. Dogo bai waiwaya ba, amma bayansa duk ya zama kunne. Ashe haka Auta ke ji duk shekarun nan. Ya fara ɗebo fenti fiye da yadda ya saba, yana ɗaga buroshi sama kafin ya sauke, yana sauri.

Auta kuwa babu kowa a bayansa. Ya sunkuya a kan katangar tasa, yana shafa ruwa zalla, ya jira ƙyallin ya ɗan mutu, sa'annan ya saki launin ƙasa ya bar shi ya bi ruwan da kansa. Sau ɗaya ya ɗago ya ce wa yayan ya rage ruwa a buroshi, rana ta yi zafi, gefe zai bushe ya bar tsakiya. Dogo ya ce shi ya fara riƙe buroshi kafin a haifi wani.

A fentin ruwa babu farin fenti. Duk abin da ake so ya fito fari, takardar ake bari, a zagaye wurin a hankali kada launi ya taɓa shi, domin in ya taɓa ya taɓa ke nan. Wannan aikin Auta ne tun suna yara, shi ya iya bin gefen abu da bakin buroshi kamar mai yanka da reza. Yau kuwa Dogo ne ya zo kan ƙofar, kuma ƙofar tana dab da tsakiyar takarda. Ya cika buroshi da launin bango, ya bi saman ƙofar lafiya, ya fara gangarowa ta gefen dama yana riƙe numfashi.

A daidai lokacin Auta ya ɗebo launin toka zai ja inuwar katanga. Inuwa irin wannan da ja ɗaya ake yin ta, daga ƙarshen takarda har tsakiya, in aka tsaya a hanya sai ta bar tabo. Shi ya sa uban ya kafa musu doka tun farko: mai dogon ja ba ya tsayawa, ɗayan ne ke ɗaga masa hannu. Auta ya taso, ya ce a hankali, "Yaya, ɗaga zan wuce."

Dogo ya ji shi sarai. Amma a bayansa wani daga cikin leburorin yana tambayar mai faci wane ne gwanin a cikinsu, mai faci kuma yana cewa, ba da wata manufa ba, ai ƙaramin ne mai hannun ubansu. Dogo bai ɗaga ba. Ya ce a ransa bari ya ƙarasa wannan layin tukuna, sau ɗaya dai a jira shi.

Hannuwan suka haɗu. Buroshin Dogo ya tsallake layin fensir ya ratsa ƙofar daga sama zuwa ƙasa, ja guda mai kauri, launin ƙasa a kan fari.

Matar mai kwando ta yi salati. Auta bai tsaya kallon kowa ba, ya ƙarasa jan inuwarsa, ya yar da buroshi, ya fizgo tsumma mai tsabta ya danna a kan ƙofar. Ya ɗaga, ya ɗiga ruwa, ya sake dannawa. Ya yi ta yi har takardar ta fara tashi. Launin ya ragu sosai, amma bai fita ba, ya zauna kamar shayi a kan farar riga. 'Yan kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mai faci ya koma kan tayarsa ya yi kamar bai ga komai ba.

"Ka ga abin da ka yi," in ji Dogo.

"Na ce ka ɗaga, Yaya."

"Kullum ni ne mai ɗagawa. Tun muna yara ni ne mai ɗagawa. Kai ka zana mutane a yaba maka, ni in shafa maka bangon da za su tsaya a gabansa."

Auta ya ajiye tsumman a hankali. Ya ce, "Ni ban zaɓi hagu ba. Baba ne ya zaunar da ni."

Dogo ya tashi ya je bayan bishiyar ya tsaya yana kallon tarin bulo. Can ya dawo ya ce akwai farin fentin mai a shago, a ɗan ɗiga a rufe. Auta ya girgiza kai, ya ce zai fito kamar filasta a goshi, kuma Inna ta zauna da mai zane shekaru masu yawa, za ta gane daga bakin ƙofa. Takarda kuwa babu wata, su biyun sun sani. Abin da ya rage, in ji Auta, shi ne a ƙara wa bangon da ke kewaye da ƙofar duhu, a zurfafa inuwar ƙarƙashin rufi, ko ido zai ɗauki ƙofar a fara saboda duhun da ke gefenta. Ya tambaya ko ya karɓa ya yi. Dogo ya ce a'a, shi ya ɓata, shi zai gyara. Auta ya janye hannunsa gaba ɗaya ya ɗora a cinya, ya bar masa fili.

Dogo ya yi iya ƙoƙarinsa. Ƙofar ta yi haske fiye da da, amma gidan ya yi nauyi, ya zama kamar ana shirin ruwa a kansa. Suka ƙarasa sauran, in ɗaya zai ja ɗayan ya ɗaga tun ba a ce masa ba. Da takardar ta bushe suka ɓare salatif, suka mayar wa mai faci jarkokinsa. Ya leƙa zanen ya ce ya yi kyau, amma bai yi wasa ko ɗaya ba, abin da ya fi zagi ciwo a wurin Dogo.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shigo da zanen ɗakin Inna. Matar Dogo ta biyo su ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Suka jingine katakon a kan kujera inda haske ke faɗowa. Inna ta goge hannu a gefen zanen da ta ɗaura, ta lalubo tabarau, ta taso a hankali, kuma kamar kullum ta nufi hagu.

Dogo ya bi ta da ido. Duk da tabon, akwai tagar, akwai gwaibar, akwai matakalar da ya fitar har da ɓallen gefenta. Ya jira yatsan nan.

Inna ta daɗe tana dubawa, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Auta, yau hannunka ya yi nauyi. Ƙofar nan kamar an yi shekara ba a wanke ta ba. Ba ka saba haka ba."

Auta ya ce rana ce ta yi zafi, fentin yana bushewa da wuri, ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, gida ne dai, ta gane shi. Ta kai hannu za ta cire tabarau, sai idonta ya faɗa dama, ta fasa. Ta matsa ta tsaya a gaban doguwar katangar.

Babu komai a wurin sai bango da inuwa da dakali. Amma inuwar ta kwanta sirara, ana ganin launin bangon ta cikinta, kuma ta sauko ta rufe rabin dakalin ta bar rabi a rana. Inna ta ɗora yatsa a kan dakalin, ta bar shi a wurin. Ta ce nan mahaifinsu ke zama in ya dawo daga shago, ita kuma tana ta ciki ta jingina da wannan bangon tana tsince shinkafa, ba sa ganin juna, amma in ya yi tari tana ji, in ta ajiye tire shi ma yana ji. Sa'annan ta juyo ta dubi Dogo, kallon da ba ta saba yi masa ba.

"Wannan kam ba sai an gaya min ba, naka ne. Na Auta ina kallo in yi dariya in wuce. Naka sai kowa ya fita nake zama in kalla, don ba a kallon sa da hayaniya. Amma ba ka taɓa yin kamar na yau ba."

Matar Dogo ta yi masa murmushi daga bakin ƙofa. Auta ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, sa'annan ya ɗan ɗago ido ya gyaɗa wa yayan kai kaɗan, alamar ya karɓa kawai, ba mai ji daga bakinsa.

Dogo ya tsaya da maganar a hannu. Ita ce ya yi shekaru yana jira, ga ta ta zo har da ƙari, kuma ya san da ya zauna a wurinsa da safe da tasa ce halak malak. Ya so ya yi shiru. Amma wannan gyaɗa kan na Auta ya tsaya masa a wuya, wato har yabon uwarsa ma sai ƙaninsa ya sam masa.

Ya ce, "Inna, yau musanya muka yi. Ni na yi gidan. Katangar Auta ne."

Inna ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta sake duban zanen. Auta ya yi sauri ya ce ai yadda Yaya ke yi ya kwaikwaya, shekara da shekaru yana gefensa yana satar kallo. Inna ta riƙe haɓa.

"Kai, Auta," ta ce. "Har wannan ma ka iya?"

Ta juyo ga Dogo, ba da faɗa ba, da irin muryar da take yi masa tun yana yaro in ya sa riga a bai-bai. "Kai kuma me ya kai ka ƙofa?"

Matar Dogo ta tuna tana da tukunya a wuta.

Inna ta ce a kafa mata zanen yanzu, a bangon da ke fuskantar gadonta. Dogo ya ɗauko guduma da ƙusa ya hau kujera, Auta yana riƙe masa katakon daga ƙasa. Tana zaune a bakin gado tana ba da umarni, a ɗan sauke, a ɗan matsa, labule yana kare mata gefen Auta. Dogo ya tambaya wane gefen take nufi. Ta ce na inuwar mana. Ya matsar, ya buga ƙusar.

Da ya raka ƙanin waje, Auta yana ta ƙoƙarin tayar da babur, suka yi maganar aikin gobe, allon wani mai kemis da ba su ƙarasa ba. Har Auta ya hau, Dogo ya ce masa inuwar ta yi, ba laifi, sai dai ya yi saurin ɗaga buroshi a ƙarshen jan, wanda ya san aiki zai gani. Auta ya yi dariya ya ce to, zai kiyaye, a gaida yara. Ya ja babur ya tafi.

Dogo ya dawo ciki. Inna ta fita alwala, ɗakin ba kowa. Ya je gaban zanen ya tsaya a gefen dama, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takardar, ya bi inuwar da ido tun daga ƙarshe har tsakiya yana neman inda aka yi saurin ɗaga buroshin. Ya sake bi daga tsakiya zuwa ƙarshe. Yana nan tsaye ya ji takun Inna tana dawowa, ya miƙe da sauri ya kama gefen katakon kamar mai gyara masa zama.